Inshorar Tsufa a Amurka: Ƙofar da Ke Rufewa Bayan Wata Shida

A watan Agustan 1989, a birnin Chicago, wasu tsofaffi suka tare motar wani ɗan majalisa suka hana ta motsi. Ba ƙaramin ɗan majalisa ba ne kuwa: Dan Rostenkowski ne, shugaban kwamitin da ke tsara haraji a Majalisar Wakilan Amurka, mutumin da ko shugaban ƙasa sai ya lallaɓa shi kafin doka ta wuce. Ya fito daga wani taro ke nan sai ga dattawa maza da mata ɗauke da kwalaye suna yi masa ihu, wata tsohuwa ma har ta haye gaban motar. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai gogan ya buɗe ƙofa ya bi titi a ƙafa, masu kyamara na biye da shi.

Abin da ya fusata su wata doka ce ta 1988 da ta faɗaɗa Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke yi wa masu shekara 65 zuwa sama, har ta sa kuɗin magani a ciki. Sai dai an ɗora nauyin biya a kan su tsofaffin, ta hanyar ƙarin haraji a kan masu ɗan hali a cikinsu. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta soke dokar. Daga nan 'yan siyasa suka shiga taitayinsu, aka shafe shekara 17 kafin Medicare ta fara biya wa tsoho kuɗin maganin da zai saya a kemis.

A yau mutum sama da miliyan 65 ne ke cikin shirin. Cikin waɗanda ke isa shekarun a yanzu akwai 'yan Najeriya da Ghana da Nijar da suka shiga ƙasar a shekarun 1980 da 1990: direbobin tasi na Bronx, ma'aikatan jinya na Houston, malaman jami'a da ke warwatse a jihohi. Da yawa na ɗauka cewa da zarar katin nan mai ja da fari da shuɗi ya iso, magana ta ƙare. Alhali a daidai lokacin ne ake ɗora wa mutum zaɓi mafi nauyi, a kuma ba shi 'yan watanni ya yanke hukunci.

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa dokar Medicare hannu ranar 30 ga Yulin 1965 a garin Independence na jihar Missouri, ya miƙa katin farko ga tsohon shugaba Harry Truman, wanda ya yi ta fafutukar kafa inshorar ƙasa a zamaninsa ƙungiyar likitoci ta murƙushe yunƙurin. A lokacin kusan rabin tsofaffin ƙasar ba su da inshorar asibiti. Dokar ta zo da sashe biyu: Sashen A na kwanciya a asibiti, da Sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje da jinyar da ba ta kai ga ba da gado ba. Maganin sha a gida bai shiga ba, don a wancan zamanin ba shi ne ke karya aljihu ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 lissafi ya juye. Tsofaffi daga jihohin arewa irin su Maine da Vermont da Minnesota suka riƙa cika motocin safa suna tsallakawa Kanada, inda magani iri ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba. Sanata Mark Dayton na Minnesota albashinsa na majalisa ya riƙa bayarwa ana biyan kuɗin motar. Da aka zo kan dokar Sashen D, wato na magani, a Nuwamban 2003, sai da aka bar ƙuri'a a buɗe kusan awa uku cikin dare ana murɗe wa 'yan majalisa hannu, kafin ta wuce gab da asuba da 220 a kan 215. Ta fara aiki a Janairun 2006 da sharaɗi biyu da suka daɗe suna tasiri: kamfanoni masu zaman kansu ne za su sayar da inshorar maganin, sannan an haramta wa gwamnati yin ciniki da masu haɗa magani a kan farashi.

To, me mutum ke samu a shekara 65? Sashen A ba a biya masa kuɗin wata, muddin mutum ko matarsa ko mijinta sun yi aikin shekara goma suna biyan harajin da ake cira daga albashi. Amma ranar da aka kwantar da shi, dala 1,676 na farko daga aljihunsa za su fito, bisa farashin 2025, kuma idan aka sake kwantar da shi bayan wata biyu da sallama, sai ya sake biya. Sashen B kuwa dala 185 ne duk wata a 2025, ya haura 200 a 2026, masu samu mai yawa kuma sun fi haka biya. Bayan mutum ya biya dala 257 na farko a shekara, bisa farashin 2025, gwamnati na ɗaukar kaso 80 cikin 100, shi ya ɗauki 20. Matsalar tana cikin wannan kaso 20, domin ba shi da iyaka. Ga mai zuwa awon hawan jini sau uku a shekara ba wani abu ba ne. Ga wanda ake yi wa allurar ciwon daji a asibiti duk mako uku, ko mai wankin ƙoda, kaso 20 na iya cinye ajiyar shekara talatin. Haƙori da tabarau da na'urar ji ba sa ciki. Gidan kula da tsofaffi ma, wanda ɗaki ɗaya a cikinsa kan haura dala 100,000 a shekara a wurare da yawa, ba ya ciki, in ban da ɗan zaman murmurewa bayan an sallamo mutum daga asibiti.

Don toshe wannan ɓaraka hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce mutum ya zauna a kan Medicare ta asali, ya sayi ƙarin inshora da ake kira Medigap wadda ke biyan ragowar, sannan ya sayi Sashen D daban don magani. Gwamnati ta tsara Medigap bisa haruffa, kuma kowane harafi abu ɗaya yake biya ko daga wane kamfani aka saya, farashi ne kawai ke bambanta. (Haruffan nan daban suke da na sassan Medicare, kuma wanda ya ƙirƙiro wannan ruɗani bai tausaya wa tsofaffi ba.) Tsarin G, wanda sababbin shiga suka fi saya, yana biyan kusan komai ban da waccan dala 257. Kuɗinsa na wata kan tashi daga dala 100 da ɗoriya zuwa sama da 200, gwargwadon jiha da shekaru, kuma yana ƙaruwa. Abin da mutum ya saya da wannan kuɗi shi ne 'yancin zuwa wurin duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar, ba tare da neman izinin kowa ba a mafi yawan lokuta.

Hanya ta biyu ita ce Medicare Advantage, wato Sashen C. A nan gwamnati ke ba wani kamfani kuɗi a kan kowane mutum, kamfanin ya ɗauki nauyin asibiti da likita, galibi har da magani, duk a kati ɗaya. Mutum zai ci gaba da biyan kuɗin Sashen B, amma da yawa daga cikin tsare-tsaren ba sa karɓar ko sisi a kan haka. Sukan haɗa da ɗan kuɗin haƙori da tabarau da katin gidan motsa jiki. Suna kuma da iyakar abin da mutum zai kashe a shekara, wadda doka ta ce kada ta wuce dala 9,350 a 2025 in a asibitocin kamfanin aka yi jinyar, kuma da yawa na sa tasu ƙasa da haka. Ga mai ƙaramin fansho wannan ba abin rainawa ba ne. Tun 2023 fiye da rabin waɗanda suka cancanta suna wannan hanya, kuma kamfanoni biyu, UnitedHealthcare da Humana, ke riƙe da kusan rabin kasuwar.

Duk wanda ya taɓa kunna talabijin da rana a Amurka tsakanin Oktoba da Disamba ya san yadda ake tallar ta. Tsohon tauraron ƙwallo Joe Namath ya yi shekaru yana leƙowa cikin falon mutane yana cewa su buga wata lamba su karɓi haƙƙinsu. Lambar ta dillalai ce, ba ta gwamnati ba. Dillali na iya samun kamashon sama da dala 600 a kan sabon mutum ɗaya da ya shigar Advantage, alhali shirin magani kaɗai bai fi dala 100 da 'yan kai ba. Ba lallai ne dillali ya yi ƙarya ba, amma ya kamata a san inda ribarsa take. Ita ma gwamnati abin na ci mata tsada: hukumar da ke ba majalisa shawara kan kuɗin Medicare ta ƙiyasta cewa a 2024 an biya kamfanonin kusan kaso 22 cikin 100 sama da abin da mutanen za su ci a ƙarƙashin tsarin asali. Daga wannan rarar ce tabarau da katin motsa jiki ke fitowa.

Abin da talla ba ta faɗa shi ne sharuɗɗa biyu. Kamfani na da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma wanda ya fita daga jerin ko dai ya biya da tsada ko ya biya duka. Yarjejeniyar kan iya wargajewa a tsakiyar shekara, mutum ya wayi gari likitan zuciyarsa ba ya cikin jerin. Na biyu shi ne neman izini: hoton ƙwaƙwalwa, tiyata, zaman murmurewa bayan shanyewar ɓarin jiki, duk sai kamfani ya sa hannu tukuna. A 2022 babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ya duba buƙatun da kamfanoni suka ƙi amincewa da su, ya gano kaso 13 cikin 100 sun cika ƙa'idar Medicare, da a tsarin asali ne da an biya ba gardama. Cibiyar bincike ta KFF kuma ta nuna cewa wajen ɗaya cikin goma ne kaɗai ke ɗaukaka ƙara idan an hana su, amma cikin masu ɗaukakawar fiye da takwas cikin goma ke yin nasara. Mai jinya da ke kwance ba shi da ƙarfin cike takardu, kuma kamfanoni sun san haka.

Nan ne mutane da yawa ke cewa ai ba komai, duk shekara ana buɗe ƙofar sauyi daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba. Bari su shiga mai araha yanzu da suke da lafiya, in ciwo ya zo su koma ɗaya hanyar. Rabin maganar gaskiya ne. Ana iya barin Advantage a koma Medicare ta asali. Abin da ba a tabbatar wa mutum ba shi ne samun Medigap a lokacin.

Dokar tarayya ta ba da wata shida kacal, daga watan da mutum ya cika 65 kuma ya shiga Sashen B, waɗanda a cikinsu dole kamfani ya sayar masa da Medigap a farashin kowa, ko da yana fama da suga da ciwon zuciya da ƙoda. Sau ɗaya ake samun wannan dama. Bayan ta wuce, a mafi yawan jihohi kamfani zai miƙo takardar tambayoyi: an taɓa sa maka ƙarfe a jijiyar zuciya? Kana allurar insulin? An taɓa samun ka da ciwon daji? Wane magani kake sha? Amsa ɗaya na iya sa a ƙara kuɗi ko a ce a'a gaba ɗaya. A idon kamfani, wanda ya zo neman Medigap bayan ciwo ya kama shi kamar wanda ya zo shiga adashi ne ranar da yake son kwasa. Akwai 'yar kafa guda: wanda ya fara da Advantage a shekara 65 yana da wata 12 na gwaji, in ya fita a cikinsu haƙƙinsa na nan. Sannan jihohi huɗu, New York da Connecticut da Massachusetts da Maine, sun tilasta wa kamfanoni karɓar mutum ko bayan wa'adin ya wuce, wasu a kowane lokaci wata sau ɗaya a shekara. Saboda haka mazaunin Bronx na da sararin sauya ra'ayi wanda ɗan'uwansa na Houston ko Atlanta ba shi da shi, ko da yake a New York Medigap ɗin ta fi tsada, kuma dalilin tsadar ke nan.

A ganin mai wannan sharhi, wannan ita ce gaɓar da ya kamata a fi tsayawa a kai, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Mai shekara 65 da ke tuƙa motarsa yana hawa bene da ƙafarsa yana auna tsare-tsaren da jikinsa na yau, alhali wanda zai rayu da zaɓin shi ne jikinsa na shekara 78. Wanda aljihunsa zai iya ɗaukar kuɗin Medigap, ba a yau kaɗai ba har da ƙarin da zai yi ta yi, ya fi samun kwanciyar hankali da ita, musamman in yana yawan tafiya tsakanin jihohi wurin 'ya'ya. Wanda ba zai iya ba, Advantage ta fi masa zaman Medicare ta asali tsurarta ba iyaka, amma ya fara tabbatar da cewa babban asibitin garinsu da likitocinsa na cikin jerin. Masu ƙaramin samu sosai kuwa akwai Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, da shirye-shiryen jiha da ke biya musu kuɗin Sashen B, da tallafin magani na tarayya, kuma mutane da yawa sun cancanta ba su taɓa nema ba.

Batun magani ya fi kowanne sauyawa a 'yan shekarun nan. Sashen D na 2006 ya zo da wani gurbi da Amurkawa suka laƙaba wa ramin donat: inshora na taimakawa har kuɗin magani ya kai dala 2,250, daga nan ta janye hannu mutum ya biya komai har jimilla ta kai 5,100, sannan ta dawo. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta riƙa cike ramin sannu a hankali, amma ko bayan haka an bar mai jinya da kaso 5 cikin 100 marar iyaka, wanda ga wasu magungunan ciwon daji kan kai mutum ga kashe sama da dala 10,000 a shekara. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ce ta canja lissafin. Daga 2023 insulin bai wuce dala 35 a wata, alluran rigakafi na manya kuma kyauta ne. Daga 2025 abin da mutum zai kashe a kan magani daga aljihunsa ya tsaya a dala 2,000 a shekara, ya zama 2,100 a 2026, kuma ana iya rarraba biyan a kan watanni. Aka kuma ɗage wancan tsohon haramcin ciniki: magunguna goma na farko sun samu sabon farashi daga Janairun 2026. Januvia na suga ya sauko daga dala 527 na wata ɗaya zuwa 113, Jardiance daga 573 zuwa 197, Eliquis mai hana daskarewar jini daga 521 zuwa 231. Zagaye na biyu, wanda Ozempic ke ciki, zai fara aiki a 2027.

Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai bai ɗauke wa kowa aikin dubawa ba. Iyakar ta shekara tana lissafa magungunan da ke cikin jerin kamfanin ne kaɗai. Doka ta ce kowane shiri ya ɗauki aƙalla magani biyu a kowane rukuni, sannan kusan duka a rukuni shida masu hatsari, ciki har da na ciwon daji da farfaɗiya da ƙanjamau da taɓin hankali. Bayan wannan kamfani ke zaɓa. Maganin da ba ya jerin, mutum zai saye shi da kuɗinsa kuma ba za a ƙirga masa ba, sai in likitansa ya nemi alfarma an amince. Waɗanda ke jerin ma hawa-hawa ne, galibi biyar: na ƙasa su ne tsofaffin magungunan gama-gari irin metformin da amlodipine, na sama kuma masu sunan kamfani da na musamman. Wani maganin sai an gwada mai araha ya gaza kafin a ba da shi. Kemis ma akwai wanda kamfani ya fifita, kuma bambancin farashi tsakanin kanti biyu a layi ɗaya kan ba da mamaki.

A ɗauki misalin dattijon da ke shan ƙwaya uku: na hawan jini, na suga, da Eliquis. Ya zaɓi shirin da kuɗin watansa bai taka kara ya karya ba. A makon farko na Janairun 2025 ya je kemis, aka miƙo masa na hawan jini da na suga kusan kyauta, sai mai kanti ta kalli kwamfuta ta ce ɗayan sama da dala 500. Ba kuskure aka yi ba. Shirin nasa na buƙatar ya fara biyan dala 590 na farko da kansa a kan magungunan hawa na uku zuwa sama, kuma an rubuta haka a takardar da ta iso masa tun ƙarshen Satumba, wadda ke sanar da sauye-sauyen shekara mai zuwa. A irin wannan gaɓa ce mutane ke barin maganin a kan kanta su fita, ko su fara raba ƙwaya biyu, kuma ga mai shan maganin daskarewar jini hakan na iya ƙarewa da shanyewar jiki.

Masana tattalin arziki Jason Abaluck da Jonathan Gruber sun bi diddigin zaɓin da tsofaffi suka yi a farkon Sashen D, suka wallafa a 2011 cewa mutane na ba kuɗin wata muhimmanci fiye da abin da za su kashe a kemis, kuma ƙalilan ne suka dace da shirin da ya fi musu araha a jimilla. Har yanzu wajen bakwai cikin goma ba sa kwatanta tsare-tsare in lokacin sauyi ya zo. Ba abin zargi ba ne sosai, tunda a 2024 matsakaicin mutum na da tsarin Advantage sama da 40 a gabansa. Amma aikin bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Mutum ya tattaro kwalaben maganinsa, ya shigar da sunan kowanne da ƙarfinsa da kemis ɗinsa a shafin intanet na Medicare, shafin zai jera tsare-tsare bisa jimillar kuɗin shekara. Wannan jimillar ce abin kallo. Kowace jiha kuma tana da masu ba da shawara kyauta a ƙarƙashin shirin SHIP, waɗanda ba su da kamasho a kan kowa. Saɓanin Medigap, Sashen D ana iya sauya shi duk shekara ba tare da an tambayi mutum lafiyarsa ba.

Sai batun makara, wanda tararsa ba ta yafuwa. Lokacin shiga wata bakwai ne: uku kafin watan haihuwa, watan kansa, da uku bayansa. Wanda ya riga ya fara karɓar fanshon gwamnati ana shigar da shi kai tsaye, amma tunda cikakken fansho ya koma shekara 67 ga waɗanda aka haifa daga 1960, da yawa ba wanda zai tuna musu. Wanda ya makara a Sashen B za a ƙara masa kaso 10 cikin 100 a kan kowace shekarar makara, har ƙarshen ransa. A Sashen D kaso 1 ne a kan kowane wata, da zarar mutum ya yi kwana 63 ba shi da inshorar magani mai inganci. Mai cewa shi ko fanadol ba ya sha, in ya yi shekara uku haka, zai riƙa biyan ƙarin kusan dala 13 duk wata bisa ma'aunin 2025, shi ya sa ake ba da shawarar a riƙe mafi arahar shiri ko don kauce wa tara. Wanda ke kan aiki da inshorar babban kamfani an yarda ya jinkirta, kuma yana da wata takwas bayan barin aiki. Tarkon shi ne inshorar ci gaba da ake kira COBRA, wadda mutum ke biya bayan ya bar aiki: Medicare ba ta ɗaukar ta a matsayin uzuri.

Ga baƙi akwai wasu duwatsun a hanya. Shekara goman nan ta aiki ana ƙirga ta ne da kuɗin da aka bayyana wa hukumar haraji: a 2025 kowace dala 1,810 maki ɗaya ce, ba a wuce maki huɗu a shekara, kuma ana buƙatar 40. Direba ko mai kitso ko mai kanti da ya yi shekaru yana karɓar kuɗi a hannu yana rage abin da yake bayyanawa zai iya isa 65 ya tarar makinsa bai cika ba. Irin wannan zai biya wa Sashen A dala 285 a wata in yana da maki 30 zuwa 39, ko 518 in bai kai ba, bisa farashin 2025. Iyayen da 'ya'ya suka ɗauko daga gida kuwa sai sun yi shekara biyar a jere da katin zama na dindindin kafin a bar su su saya, kuma sassan biyu tare sun haura dala 700 a wata ga mutum ɗaya.

Babbar tambayar dai ita ce ta komawa gida, burin da kusan kowa ke ɗauke da shi. Medicare ba ta tsallake iyakar Amurka, in ban da wasu 'yan lokuta da ba su shafi mai zama Kano ko Kumasi ko Maraɗi ba. Wasu tsare-tsaren Medigap, har da G, na biyan kaso 80 na jinyar gaggawa a waje, amma cikin kwana 60 na farkon tafiya kaɗai, kuma ba su wuce dala 50,000 a tsawon rayuwa. Wannan ya ishi mai zuwa Umara ko bikin aure, bai ishi mai tarewa ba. Mai Advantage da ya wuce wata shida a waje ana iya cire shi daga shirin. A gida kuma abin da zai tarar ya bambanta. Ghana ta yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin inshorar ƙasa. Najeriya ta yi sabuwar dokar inshorar lafiya a Mayun 2022 wadda ta mai da ita tilas, amma har yanzu sama da kaso 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, kuma tun faɗuwar naira da janyewar kamfanin magani na GSK a 2023 farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi. Mai fansho da dala zai iya sayen maganin hawan jini da na suga ba tare da ya ji a jikinsa ba. Tiyatar zuciya da jinyar ciwon daji su ne ke sa a sake neman tikitin jirgi.

Shi ya sa mai shirin komawa ke fuskantar lissafi mai wuya a kan Sashen B. In ya ci gaba da biya yana zaune a gida, dala 2,220 ne a shekara bisa farashin 2025, a kan abin da ba ya amfani da shi. In ya ajiye shi shekara biyar ya adana dala 11,100, tarar da za ta hau kansa in ya dawo kuma kaso 50 ce, wato dala 1,110 a shekara, don haka sai ya yi shekara goma kafin tarar ta cinye abin da ya adana. A kan takarda ajiyewa ta fi riba. Sai dai wanda ya ajiye Sashen B ba ya komawa cikinsa ranar da ya ga dama: daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris kaɗai ake karɓar masu makara, inshorar kuma ta fara aiki a watan da ke biye. Wanda likita ya gano masa ƙari a Kano cikin watan Mayu, 'ya'yansa suka dawo da shi Amurka a Yuni, Sashen A ne kaɗai a hannunsa har zuwa Fabrairu. Kuɗin likitoci da hotuna da allurar ciwon daji na watanni takwas duk a kan iyali za su faɗa, sannan in Fabrairun ta zo, a jihohi irin Texas kamfanin Medigap zai miƙo masa takardar tambayoyin nan, wadda ciwon daji ke cikin layukanta na farko.